Kaset ɗin Bahiya da Ƙwaryar Gwaggo

A shekarar bikin yayata ina ajin ƙarshe na firamare a Nuzla, unguwarmu a Jidda, kuma wurin zamana a gida shi ne lungun bayan ƙofa, da littafi a cinya kamar mai hadda. Daga nan nake jin komai. Bayan yaƙin Kuwait ne da 'yan shekaru, lokacin da kowane gida a layinmu yake da bidiyo a saman talabijin, an lulluɓe shi da ɗan ƙyalle mai geza.

Gwaggo, yayar babanmu, ita ce uwar masu kiɗan ƙwarya a unguwar tun zuwanta daga Damagaram. Ƙwaryarta babba ce, ta taɓa tsagewa a gefe aka ɗinke. Idan za ta yi kiɗa sai ta kifa ta a kan ruwa cikin bahon roba, ta yi ta rage ruwan da kofi har sautin ya yi mata. A da ba a wunin biki ko suna sai da ita da matanta. Amma 'yan matan da aka haifa a Jidda kaset ɗin waƙoƙin Larabci suke so, kuma duk shekarar nan ba wanda ya kira su. Wata daga cikin matan ta koma gida, wata ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Sauran kuwa, Gwaggo ta riƙe su da alkawarin bikin Yaya. Ta san in 'yar gidansu ma ta ƙi su, an gama.

Yaya kuwa ta ce ba ta so. A kicin ta gaya wa Umma, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ƙawayenta na sakandare za su zo, dama suna kiranta takruniya, wato baƙar Afirka, da sunan wasa, ba za ta tara su su ga tsofaffi suna dukan ƙwarya a bahon wanki ba. Umma ta ce ta je ta faɗa wa Gwaggo da bakinta. Ta je, idonta a ƙasa. Gwaggo ta ce, "To, halas," wato shi ke nan. Ta sauke ƙwaryar daga ƙusa ta ɗora a saman kabad. Na lura daga ranar ta daina ƙorafin gishiri a miya, ita da ba ta taɓa cin abinci ba ta yi ba.

A cikin wannan zaman ne Baffa, ƙanen babanmu, ya zo wata Juma'a bayan cin abincin rana da kaset a leda. A Khumra yake aiki, a ɗakunan sanyi inda ake ajiye kajin da ake kawowa daga Barazil, shi ya sa Gwaggo take kiransa sarkin kaji. Ya ce wani baƙin mutum daga garin Bahiya na can Barazil ya zo gyara musu injinan sanyi, da ya ji su Hausawa ne sai ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Ya ce a garinsu an san sunan nan, domin cikin bayin da aka kai can a jiragen ruwa akwai Hausawa masu karatun allo, waɗanda suka taɓa tayar wa iyayengijinsu cikin watan azumi. Da zai tafi ya bar masa kaset ɗin bikin garinsu.

Maƙwabta mata suka shigo, aka zauna a kan darduma. Baffa ya durƙusa gaban bidiyo da yatsa a kan maɓalli, don ya ce akwai wuraren da kayan matan cikin kaset ɗin ba su rufe jiki ba.

Abin da ya fara fitowa maza ne cike da titi, fari fat, sun yafa farin ƙyalle, kowa da tawul naɗe a ka. Umma ta gyara mayafinta. Wata maƙwabciya ta fara salati, ta ce alhazai ne. Gwaggo ta matsa kusa da talabijin tana neman ta gane ko hanyar Mina ce, sannan ta juyo ranta a ɓace.

"Wane malami ne ya bar su suka rufe kai cikin harami? Ga shi kuma suna fesa turare."

Baffa ya yi dariya har ya zauna daɓas. Ya ce ba alhazai ba ne, ƙungiya ce ta 'yan dakon tashar jirgin ruwa, irin waɗanda muke gani a tashar Jidda, su suka kafa ta tun da daɗewa. Kowace shekara kafin azumin Kirista garin yakan fito titi ana kiɗa da rawa, kowace ƙungiya da kayanta.

Ya ci gaba da ba da labarin yadda mutumin ya ba shi, yana yi yana tura kaset gaba. Manyan ƙungiyoyin garin, in ji shi, ba sa karɓar baƙar fata, sai dai ya riƙe musu igiyar da ke raba su da jama'a. Sai wasu samari a wata unguwar talakawa, da goyon bayan mahaifiyar ɗayansu, suka kafa tasu ta baƙaƙe zalla. Shekarar farko an yi musu ba'a har a jarida. Ba su fasa ba. Kowace shekara sukan ɗauki wata ƙasa ta Afirka su yi waƙar tarihinta, suka buɗe wa yaran unguwa makaranta, wasu unguwannin kuma suka kwaikwaya.

Ni idona yana kan gefen hoton. Akwai wata mata a bakin titi cikin farin siket mai faɗi, tana buga ƙullu da ludayin itace tana zubawa a manja. Na taɓa Umma na nuna mata. Ta duba ta ce wallahi ƙosai ne, har yadda take juya shi.

Da makaɗan suka fito Gwaggo ta kafa musu ido. Ganguna ne manya rataye a ƙugu, sahu sahu, da wasu ƙanana a gaba. Yatsunta suka fara motsi a kan gwiwarta.

"Koma baya, sarkin kaji."

Ya koma. Ta sa ya sake. Ta ce amshi suke yi, ƙaramar ta yi magana manyan su amsa, kamar ita da matanta, kuma wanda ya koya musu ba a can aka haifi kakarsa ba.

Can sai ga wata yarinya a saman mota, baƙa wuluk, wuyanta a miƙe, da ɗaurin ɗankwali mai tsayi kamar zai taɓa wayar lantarki. Baffa ya ce sarauniyar ƙungiyar ce, kowace shekara suna zaɓar wadda ta fi kyau da iya rawa cikin baƙaƙen 'yan mata. A nan na ga Yaya tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Ban san lokacin da ta fito ba.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi ta gwada ɗaurin a gaban madubi da atamfar Umma, yana zamewa ya rufe mata ido. Duk Nuzla kuwa an san hannun da ya iya ɗauri. Wata safiya ta shiga ɗakin Gwaggo, ni kuma na koma lunguna.

"Gwaggo, za ki iya irin ɗaurin yarinyar nan?"

"Na iya wanda ya fi shi. Amma me kika gani a bayanta?"

"Ganguna."

"To nawa ɗaurin ma ba ya fita shi kaɗai."

Yaya ta ce ƙawayenta za su yi dariya. Gwaggo ta ce su ma can an yi musu, ba ta ga yadda titi ya cika ba? Aka daɗe ana ja. A ƙarshe Yaya ta ce to ban da bahon roba, a nemo babbar tasa mai ƙyalli, kuma matan su yi anko. Gwaggo ta yarda da tasa da anko. Da aka zo rage waƙoƙi ta ce ko ɗaya.

An yi wunin a saman benenmu bayan la'asar, ƙarƙashin rumfa. Ƙawayen Yaya suka cire abayoyinsu suka zauna gefe guda. Yaya ta fito da ɗauri mai hawa hawa, tana tafe a hankali don kada ya karkace. Da Gwaggo ta fara rage ruwa da kofi, na ga ɗaya daga cikin 'yan matan ta rufe baki tana dariya. Yaya ma ta gani, ta ƙame a kujera.

Gwaggo ta buga, matanta suka amsa. Sai ta ɗauko waƙar da ba wanda ya taɓa ji, ita ta shirya ta a 'yan kwanakin nan. Ta taso da kakannin amarya daga Damagaram, ta bi da su ta Chadi da Sudan a ƙafa, suna noma a hanya suna ci gaba, har suka tsallaka teku suka sauka Jidda. Tsofaffin da suka bi hanyar suka fara guɗa. Mai dariyar ta jawo hannuna ta tambaye ni me ake cewa, na fassara mata a kunne. Da na kai wurin tafiyar ƙafa ta ce kakarta ma haka ta zo daga Yaman.

Yaya ta miƙe ta shiga fili, hannu ɗaya dafe da ɗaurin, ta yi rawa har ƙawayenta suka taso suna tafi ba a kan kiɗa ba.

Kafin magariba wata mata daga unguwar Ammariyya ta riƙe hannun Gwaggo, ta ce 'yarta ta kusa haihuwa, tana so su zo suna. Gwaggo ta goge ƙwaryarta da gefen zane ba tare da gaggawa ba. Ta ce sai ta yi shawara da matanta tukuna, domin ba su saba amsawa a tsaye ba.