Harafin da Na Kankare

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar abokina Sanusi, ɗan Tsafe, kuma har yau akwai maganar da ban faɗa masa ba. Ta ishe ni haka.

Muna ajin ƙarshe a wata kwaleji a Gusau, lokacin jihar tana sabuwa fil, aka ba mu aikin haɗa kaset. Muka ari rikoda, muka bi ƙauyukan Bungudu da Tsafe muna naɗar waƙoƙin mata na daka da niƙa. Ni baki gare ni, shi kuwa hannu, don haka zanen bangon kaset ya faɗo kansa. Mako biyu ya yi yana fama da shi: rumbu uku, turmi a gaba, dutsen Kwatarkwashi a baya. Sunan kaset ɗin daga bakin Inna Tumba ya ɗauko, wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Bilbis, mai waƙar shekarar yunwa da kowa ya yi ƙaura ban da su. Ya rubuta shi da manyan baƙaƙe yadda ta faɗa: BA MU TAHI BA.

Ranar kaiwa maɗaba'a zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ya ba ni zanen in kai. Malamin da zai ba mu maki Bakano ne, ni kuma na gaji da dariyar da ake yi wa harshenmu a aji. Na tsaya wurin mai tireda na sayi reza, na kankare H, na ɗora F.

Da bangon ya fito, Sanusi ya daɗe yana kallonsa. "Wa yat taɓa man harahi? Inna ba tafi tac ce ba."

Na ce mai maɗaba'a ne. Ya tashi da sauran zazzaɓinsa ya je ya wanke bawan Allah tas, ina tsaye ina kallo. Muka sami maki mai kyau. Na yi ta cewa gobe zan gaya masa, har ciwon ya dawo kafin damina ya tafi da shi.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Ƙauyen Inna Tumba ya watse, 'yan bindiga sun kori kowa. Na taɓa haɗuwa da jikarta a Gusau tana sayar da ƙuli-ƙuli, 'ya'yanta kuwa "tafi" suke cewa, kamar yadda na so a lokacin. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Muryar tsohuwar tana cikin kaset tana faɗin abu ɗaya, bangon yana faɗin wani, kuma aikina ne.

Ainihin zanen yana wurina, cikin akwati. In ka ɗaga takardar ga hasken rana, sawun H ɗinsa na nan ƙarƙashin F ɗina, reza ba ta cinye shi duka ba.

Allah ya jiƙanka, Sanusi. Ba mai maɗaba'a ba ne. Ni ne.