Zaiba a kan garwashi

Ni ne wawan wannan labari, kuma wawa mai aji huɗu na firamare, wanda ya fi sauran wawaye haɗari, domin shi ake tambaya.

Ina saurayi na taɓa haɗiye ɗigon zaiba. Wani mai magani a kasuwar Gezawa ne ya ce tana sa tauri. Taurin bai zo ba, ita ma ba ta yi mini komai ba, washegari ta fita abinta tana ƙyalli. Tun daga ranar na zama farfesan zaiba na unguwarmu.

Ƙanena wanzami ne, rabin mutanen ƙauyenmu shi ya yi musu askin suna. Ciwon kai ya matsa masa, aka ce sammu ne, aka ba shi zaiba a 'yar kwalba ya riƙa turarawa. Matarsa ta ƙi yarda, ta zo wurina.

"Yaya, abin da ke gudu kamar mai rai, shi za a shaƙa?"

Na ce, "Na haɗiye ta da bakina, ga ni kuma a gabanki." Ni na ɗiga ta a garwashi. Ni na toshe tagar da buhu, wai kada maganin ya zurare.

Ba ta da wari. Abin da ke dawo mini ke nan har yau: muna zaune a ɗakin, babu abin da hanci zai kama ya gargaɗe mu.

Tari ne ya fara kama ƙanena. Sai dasashi ya kumbura, bakinsa na ɗanɗanon ƙarfe. Mutumin da ke cika rumfa da raha ya koma ɓuya a bayan rumbu in ya ji sallama. Sannan hannu ya kama rawa.

A asibiti likita ta yi mini karatun da ban kai ajinsa ba. Ta ce zaibar da aka haɗiye yawanci hanji ba ya riƙe ta, amma tururinta huhu ke shanyewa, ya wuce zuwa ƙwaƙwalwa. Ta cikin man bilicin kuwa, ƙoda take ci, ta cikin kifi kuma ɗan da ke cikin mahaifa ta fi cuta. Na yi ta gyaɗa kai kamar abokin aikinta.

Zabirar ƙanena, jakar kayan askinsa, na nan a rataye. Bara na sauko da ita, na wasa aska ɗaya, na zauna gabansa na tuɓe hula.

"Malam wanzami, kan manya ya zo. Ko ka yanke ni na yafe."

Ya dubi askar tana kaɗawa a hannunsa, ya ajiye ta a tabarma.

"Je ka wani ya yi maka, Yaya. In na zubar maka da jini kai za ka samu sauƙi. Ni fa?"