Baba Maikuɗi da Dokin Ƙofar Gidanmu

Shekara arba'in da ɗoriya, da hantsi ya fito za ka ga Baba Maikuɗi kafinta ya taho a kan kekensa daga Toranke, gizago da zarto da samfefa a cikin tsohon buhun taki ɗaure a baya. Ba shi da shago. Ranar kasuwar Ajingi yakan zauna a gindin darbejiya, wanda ƙyaurensa ya saki ko dokin ƙofarsa ya ruɓe ya zo ya faɗa masa unguwa. In ya ce Laraba, to Laraba za ka ji sallamarsa. A masallacin Juma'ar garinsu ma shi ya gyara ƙofa, liman ya faɗa a gaban jama'a.

Ni direba ne, Ajingi zuwa Kano, kuma ba na yabon mutum haka kawai. Abin da na gani a gidanmu na Gafasa shi zan faɗa.

Dokin ƙofar zaurenmu itacen ƙirya ne, mahaifina marigayi ya kafa shi kafin a haife ni. Ƙafafu suka cinye shi har ya yi kwarmi a gefen dama. Daga baya ya tsage, sartse ya shiga ƙafar mahaifiyata, Inna Hure, wadda idonta ya riga ya tafi. Raina ya ɓaci. Na sayo siminti, na kira Baba Maikuɗi ya tumɓuke min itacen kawai.

Ya tsuguna yana shafa shi, ya daɗe. Sannan ya ce, "Haruna, kira min Yaya Hure ta fito."

"Baba, aikin minti goma ne fa."

"Kira ta dai."

Inna ta taho tana dafa bango. Da ta iso ƙofa sai ta lalubo kwarmin nan da babban yatsan ƙafarta, ta sa ƙafa a ciki, ta tsallaka, ta juya hagu zuwa gidan ƙanwarta Baiwa. Ba wanda ya riƙe ta. Shekara biyu tana haka kullum, ni ɗanta ban taɓa lura ba.

Baba ya ce, "Ka gani? Da wannan take gane ta fito waje. Ka zuba siminti, gobe ta zauna a ɗaki tana jiran mai ja mata sanda."

Na ce, "To a kankare shi ya miƙe, ya yi kyan gani."

"Kai da ko bodin motarka ba ka miƙar ba?"

Inna ta juyo daga inda take ta ce, "Tun yana yaro haka yake, Maikuɗi, sai gaggawar fasa abu. Nan ubansa yake takawa."

Kwana biyu ya yi a kan itacen nan. Ya ɗaga shi, ya yanke inda gara ta ci, ya sassaƙa wata ƙiryar ya cike gurbin. Turakun itace ya buga, ya ce ƙusa takan ɗago kai ta yanki ƙafa. Ƙasan ya shafe da baƙin mai saboda gara. Saman ya bi da samfefa a hankali har sartse ya ƙare, kwarmin kuwa da yatsa biyu ya goge shi, bai rage masa zurfi ba. Na kawo banish ya ƙi, wai santsi gare shi da damina. Man kaɗanya ya shafa.

Baba Maikuɗi, kai ne ka ƙara wa uwata shekara huɗu tana fita da ƙafarta, tana zuwa suna da biki, tana zama a rana wajen ƙanwarta. Ni da na fito daga cikinta na so in kulle ta ban sani ba. Mai duba mutum kafin ya duba katako, na gode.

Inna ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Baba ya zo gaisuwa, a bayan babur, don ya daina hawa keke. Ya tsaya a ƙofa ya sunkuya ya taɓa itacen, ya ce, "Ya bushe, yana son mai." Aka kawo. Ya ɗauki tsumman, saboda tsufa tsumman ya suɓuce masa har sau biyu. A nan na san ya ajiye aiki. Ya miƙo min.

Ku masu sana'a na yanzu, ban hana ku ƙofar ƙarfe da tayil ba. Amma kafin ku fasa abin da kuka tarar, ku tsaya ku ga wa ke bi ta kansa. Kuma ku je Toranke ku gaishe da dattijon nan tun yana ji, Allah ya saka masa da alheri.

Ranar nan na durƙusa na shafa man, yana tsaye a kaina yana cewa man ya yi yawa. Da na zo kan kwarmin sai hannuna ya tsaya. Bai ce in yi sauri ba.