Yaya da Firjin da Ke Dafa Ƙwai

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, Allah ya karɓi ran yayana, wanda duk unguwa ke kira Injiniya alhali bai taɓa leƙa ajin injiniyoyi ba. Shekara talatin ya yi yana kula da sito, har ya yi ritaya ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata a hannunsa ba.

Yaya, kai ka riƙe ni bayan rasuwar Baba, ka sa ni makaranta, ka yi mini aure. Hannunka a buɗe yake, amma kayanka kullum a rufe. Rimot ɗin gidanka yana cikin leda, rediyonka yana da riga, keken da ka saya mini ma sai da na yi wata uku ina hawansa da kwalin kamfani a jikinsa.

Da ka ajiye aiki sai ka ƙudura ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ka samo mataccen firji, ka sa masa hita da fanka, da wata 'yar kwamfuta mai girman kwalin ashana wadda ka koyi rubuta wa umarni da tsufanka. Aikinta ɗaya ne: ta riƙe zafi a digiri talatin da bakwai da rabi. Ita kuwa sai ta kunna hita ta manta da ita, allo yana nuna komai lafiya, ciki ana dahuwa. Can ta farga ta kashe, ta bar firjin ya huce sarai.

Zubi shida ka yi. Ka canza hita, ka canza makunnin da ke ba ta wuta, ka sake umarnin ba adadi, ka zargi wutar lantarki, ka zargi mai sayar da ƙwan, har kyanwar maƙwabta ba ta tsira ba. Zubin farko mun yi maka jaje. Daga na uku maƙwabta suka fara zuwa da gishirinsu. Ni ne shugaban masu dariya, ni na ce a gaban surukanka ka gano hanyar dafa ƙwai mafi wahala a duniya. Ba ka yi fushi ba, ka dai ce in ci a hankali, wannan na bincike ne.

Sai ciwo ya zo, likita ya faɗa mana gaskiya. A hanyar gida ka ce mini ba ka da sauran buri illa ka ga ɗan tsako ko guda ya fito daga firjin nan da idonka. Daga ranar nan dariyata ta ɗauke.

Wata Asabar muna durƙushe gaban firjin, matarka ta kawo maka magani. Tsohuwar nas ce, amma ka hana ta taɓa ko waya ɗaya. Ta tambaya ina abin da ke auna zafin yake. Ka nuna mata cike da alfahari: ka naɗe shi da auduga, ka bi da salatif, ka ɗaure cikin leda, don kada danshi ya lalata shi.

Ta dube ka ta ce, "Injiniya, shekara ashirin da takwas ina auna zazzaɓi, ban taɓa auna shi ta kan bargo ba. Kafin wannan bawan Allah ya ji zafi ai ƙwai ya nuna."

Ka ce, "Yanzu tsirara zan bar shi?"

Ta ce, "Tsirara."

Ka kwance shi kana kau da kai, kana cewa dama gab kake da tunanin hakan. Muka zauna muna kallon allo, zafi ya hau, ya tsaya inda ake so, bai ƙara gusawa ba.

Ƙwai goma sha biyu ka zuba a karo na bakwai, kwana ashirin da ɗaya ake jira. A rana ta goma ka haska ɗaya da tocila, ka ga abu yana motsi, ka kira ni a waya ka kasa magana. A rana ta sha tara ka tafi.

Ranar Alhamis falo cike da masu gaisuwa, wani dattijo ya shiga addu'a ba alamar tsayawa, sai muka ji tsiu-tsiu daga baranda inda firjin yake. Matarka ta tashi babu takalmi, na bi ta. Guda tara ne, jiƙe sharkaf, suna tangaɗi. Ta durƙusa tana dariya hawaye na zuba, ta ce, "Kwana biyu kacal, Injiniya. Me zai hana ka jira?"

Sun fito, Yaya. Ni da na fi kowa yi maka dariya aka bari in gani, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da jikokinka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen.