Muryar da Nana Hauwa Ta Ƙi Saurara

Anas ɗan Sifawa ne, ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti a Bodinga. A Sakkwato ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam, can kuma ya koyo abin da likitoci ke kira hifnosis. Ba barci ba ne, ba kuma tsafi ba, kodayake bakinsa ya gaji da faɗar haka. Mutum zai zauna ya kafa ido wuri ɗaya, ya bi murya mai taushi har hankalinsa ya tattaru, tsoro ya sake shi. Sharaɗin guda ne: sai mutum ya yarda ya saurara.

Shekara shida yana wannan aiki. Ya taimaki dillalin albasa ya rage sigari, ya zaunar da telan da ke suma in ya ga allura. Wasu na ce masa boka mai takarda, ya haɗiye. Amma mutum ɗaya ta gagare shi, ita ce uwar da ta haife shi.

Yanar ido ce ta rufe idanun uwar tasa, Nana Hauwa, har ba ta iya tsince tsakuwa cikin gero. Sau biyu ana kai ta aikin ido, sau biyu tana dirowa daga gado don tsoro, ta ce a mai da ta gida. Likita ya ce in aka ƙara ja, idon na iya tafiya gaba ɗaya. Aka ba su ranar Laraba.

To ga inda gizo ke saƙar: Anas ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallonsa, ba ta amsa masa kai tsaye. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Nana Hauwa ta riƙe ta da haƙori.

Ya durƙusa bakin tabarmarta. "Inna, ki dubi hannuna kawai, ki ja numfashi."

Ta juya wa bango fuska, ta ce da Gwaggo Abu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi: "A hwaɗa ma wancan shi tashi, zan yi tankaɗe."

Kai, abin da ciwo! Kwana huɗu yana zuwa daga Bodinga a keke napep, kwana huɗu yana magana da ƙeyar uwarsa. Ya yi lallashi, ya kawo misali, har ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba. Haushi ya kama shi, na kansa da na karatun duka. Mutanen kasuwa sun amfana, ta gida za ta makance yana kallo?

Ran Litinin da hantsi ya ce da Gwaggo Abu ya haƙura. Ta harare shi. "Kai da karatunka! Yaushe ta taɓa jin maganarka in ba ta kunnena ba?"

Nan take dabara ta faɗo masa. Sai ya ja kujera ya ba uwarsa baya, ya zaunar da gwaggon a gabansa.

"Gwaggo, rufe idonki. Ki ji nauyin hannuwanki bisa cinya. Gwaggo, kina kwance gadon asibiti, fitila na sama, ba abin da ke taɓa ki sai sanyi."

Gwaggo Abu dai susa ma ta dinga yi. Amma a bayansa ƙarar rariya ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya ya ɓata komai. Haka suka sake yi ran Talata.

Ran Laraba Nana Hauwa ta hau gado. Da izinin likita Anas ya tsaya gefe yana ta kiran "Gwaggo", alhali Gwaggo na waje tana cin gyaɗa. Aka yi aiki, ba ta motsa ba.

Washegari aka cire bandeji. Idon ya buɗe, ya sauka kan fuskar Anas, ya daɗe fiye da yadda ya taɓa daɗewa. Ya tsaya yana jira ko yau za ta ce masa wani abu.

Ta kau da kai, ta gyara lulluɓi.

"Abu," in ji ta, "a hwaɗa ma wancan ya rame. Shi riƙa cin abinci."