Malamar da Ta Ƙi Tsallake Babi na Tara

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiya, wadda ɗalibanta suka fi sani da Uwar Ƙwari, a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta mai haƙar rijiya ne, mahaifiyarta kuwa unguwarzoma. Ita ce ta biyu a ɗakinsu, tana bin wani yaya namiji da ya girme ta da shekara huɗu. Tana da shekara bakwai mahaifin ya fito daga wata rijiya mai zurfin gaba ashirin da wani dutse a hannu, jikinsa ɗauke da zanen kifi har da ƙayoyinsa. Ta tambaye shi yadda kifi ya shiga cikin dutse a wurin da babu ko tafki. Ya ce ikon Allah ne. Ta yarda da amsar ɗari bisa ɗari, amma ta ce har yanzu tana son sanin ta wace hanya.

Neman Ilimi

Ta shiga firamare a 1958, sannan kwalejin horon malamai mata a 1965. Bayan ta yi shekara huɗu tana koyarwa, ta samu gurbi a jami'a, inda ta kammala digiri a ilimin halittu a 1977. A waɗannan shekarun ne yayan nata ya zurfafa a karatun addini har ya zama limamin unguwarsu, kuma shi ne ya riƙa raka ta tasha duk lokacin komawa makaranta.

Aure da Aiki

A 1972 ta auri wani mai gyaran keken ɗinki, mutum mai haƙuri da barkwanci, wanda yakan ce ya auri mace ɗaya aka haɗa masa da fara ɗari a kwalba. A 1978 aka tura ta wata makarantar sakandare, aka damƙa mata ɗakin gwaje-gwaje mai tebur shida, da famfon da ba ya kawo ruwa, da madubin duba ƙwayoyin cuta guda ɗaya tak. Ta cika kantocin ɗakin da kwalaben ƙwari da ƙasusuwan tsuntsaye, daga nan laƙabinta ya samo asali.

Rikicin 1986

Babi na tara na littafin aji biyar yana magana ne a kan yadda halittu ke sauyawa cikin dogon zamani, da yadda jinsi ke fita daga jinsi. Malaman da suka gabace ta tsallake shi suke yi. Ita kuwa ta koyar da shi shafi bayan shafi. A watan Maris na 1986 ƙungiyar iyayen yara ta kai ƙara, kuma wanda ya jagoranci masu ƙarar yayanta ne. Aka taru a babban zauren makarantar, ya miƙe ya ce ƙanwarsa tana koya wa yara cewa ba su da Mahalicci. Ta amsa tana tsaye:

“Yaya, wanda Ya yi halitta na san Shi tun ina goye, kai ma ka ƙara sanar da ni. Abin da nake koyarwa shi ne abin da ƙashi da dutse suka nuna. Ba zan ce wa yara babu shi ba alhali ga shi a hannuna.”

Aka nemi ta sa hannu a takardar alkawarin barin babin, ta ƙi. Hukumar makarantar ta dakatar da ita na zango biyu, kuma muƙamin shugabar makaranta da ake shirin ba ta ya wuce ta har abada. Abin da ya fi mata ciwo shi ne yayan ya daina taka gidanta har shekara goma sha ɗaya. Da ta koma aji, daga babi na tara ta fara.

Sulhu

A 1997 tarin fuka ya kwantar da liman, maganin da aka saba bayarwa ya ƙi ci. Ta tare a asibiti tana jinyarsa ba tare da an kira ta ba. Likitar da ke duba shi tsohuwar ɗalibarta ce, ita ta bayyana masa cewa ƙwayoyin cutar da suka jure wa magani su ne suka rayu suka hayayyafa, dole a sauya wani. Ya juyo wajen ƙanwarsa.

“Ƙwayar cuta kam na yarda ta sauya. Amma ni ba jikan biri ba ne.”

“Ban taɓa cewa biri kakanka ne ba, Yaya. Dangi ne na nesa.”

“To wannan zumuncin na yanke shi.”

Dariya ta ƙwace musu har tari ya sarƙe shi. Ya warke bayan wata goma sha takwas. Bai sauya ra'ayinsa game da asalin ɗan Adam ba, ita ma ba ta janye ko kalma ɗaya ba, amma daga lokacin kowane mako yana zuwa gidanta su yi musu har shayi ya huce.

Ritaya da Rasuwa

Ta yi ritaya a 2011 bayan shekara talatin da uku a makaranta guda. Mijinta ya riga ta rasuwa a 2015. Allah Ya karɓi ranta da safiyar Talata, 9 ga Afrilu, 2019, tana da shekara sittin da takwas, bayan gajeriyar jinya. Yayanta, yana dogara sanda, shi ya sallace ta. A maƙabarta wani ya fara raɗa cewa ita ce mai koyar da zancen biri, liman ya juyo ya ce masa a gaban jama'a: “Ni na yi shekara talatin ina musu da ita, ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Kai me ka sani?”

Ta bar 'ya'ya huɗu: babban ɗa injiniyan ruwa, mai bi masa ma'aikaciyar jinya, na uku mai wa'azi wanda ya ɗauki ra'ayin kawunsa, sai auta mai ɗinki, wadda ta gaji shagon mahaifinta. Ta kuma bar jikoki goma sha uku. Allah Ya haskaka makwancinta, Ya sa ilimin da ta bari ya bi ta da lada.