Kifayen Inna da Hannun Malam Tanimu

Wata rana, ana tsakiyar cin abincin rana, tsohuwar kwamfutar Malam Tanimu ta yi tari sau biyu, ta saki ɗan hayaƙi, ta ce ga garinku nan.

Shekararta goma sha tara. Masu ƙarin gishiri sun ce ta girmi ƙofar gidan.

Shi mutuwarta ba ta dame shi ba. Tun da ya yi ritaya daga aikin akawu, ba abin da yake yi da ita sai share mata ƙura.

Matsalar Inna ce, mahaifiyarsa.

Inna ta haura tamanin, tsufa ya fara kwashe mata tunani. 'Yar masunta ce, a bakin kogin Yawuri ta tashi. A cikin kwamfutar nan kuwa akwai sikirinseba, irin hoton nan mai motsi da ke rufe fuskar kwamfuta idan ta samu hutu. Wannan na kifaye ne, guda biyar, suna ta yawo cikin ruwa.

A gabansu Inna take cin abinci kullum. Sunan jikokinta na iya ɓace mata, amma ba na kifinta Mai Jan Wutsiya ba.

Kifaye suka tafi, Inna ta ture kwano.

Ranar farko ta sha kunu cokali uku. Rana ta biyu ko kallon cokalin ba ta yi ba. Likita ya ce in aka ƙara kwana biyu a haka, sai dai a ba ta gado a sa mata ƙarin ruwa.

Malam Tanimu ya gyara zaman hularsa. Ya ce uwarsa ba za ta kwana asibiti saboda kifin da ko ƙaya ba shi da ita ba.

Ya ciro sabuwar kwamfutar da 'yarsa ta aiko masa bara, wadda ko kwalinta bai taɓa buɗewa ba, ya kai wa Lawwali mai gyara a kasuwa. Lawwali ya sa mata sababbin kifaye, masu sheƙi, kamar ka miƙa hannu ka jefa a mai. Ya bar su a kunne, aka kawo gida.

Inna ta kalle su sau ɗaya ta juya musu baya.

Ta ce baƙi ne, ba 'yan gidan nan ba.

Malam Tanimu ya ɗora gawar tsohuwar kwamfutar a bayan babur, ya koma kasuwa. Lawwali ya ce sikirinseban nan zamaninsa ya wuce, sababbin kwamfutoci ba sa son irinsa. Malam Tanimu ya ce shi ma an sha faɗa masa zamaninsa ya wuce, ga shi tsaye a shagon. A farke cikinta.

Aka farke. Aka ciro ma'ajiyarta, aka lalubo fayil ɗin kifayen, aka zuba a filash, ɗan abin nan da ake ɗaukar fayil a ciki. Da yake layi ya yi wa Lawwali yawa, sai ya rubuta masa matakan a bayan kwalin sabulu, ya ce ya ƙarasa a gida.

Ku ba tsohon akawu rubutaccen umarni, ku ga aiki.

Ya kwafi fayil ya kai inda aka ce. Kwamfuta ta ƙi, ta zubo masa Turanci mai tsawon takardar sallama daga aiki. Ya bi mataki na huɗu, wanda ake lallaɓa ta ta karɓi tsohon fayil kamar a zamanin da. Ta karɓa, tana hura hanci.

Sunan kifayen ya fito a jeri. Ya zaɓa. Ya sa minti biyar, wato bayan minti biyar su fito da kansu.

Ya danna wurin gwaji. Mai Jan Wutsiya ya leƙo.

Don murna hannun Malam Tanimu ya yi rawa a kan mawus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Kifi ya ɓace.

Ya ce to, bari ya jira minti biyar ɗin.

Minti ɗaya. Minti biyu. A na uku zuciyarsa ta ce anya ba ta daskare ba? Sai ya ɗan girgiza mawus, ya ga tana da rai, ya ci gaba da jira.

Kun gane, ko? Duk sanda aka taɓa ta, daga farko take sake ƙirga.

Shi bai gane ba.

Ya goge fayil ya sake sawa. Sau goma sha ɗaya. Maƙwabta sun ce arba'in, amma su ba a ɗakin suke ba. Ya kira Lawwali ya karanto masa matakan ɗaya bayan ɗaya, Lawwali ya ce wallahi duk daidai ne. Bai tambaye shi inda hannunsa yake ba. Wa zai yi tunanin tambaya?

Washegari bayan azahar yana nan a kujera, hula a gefe. Inna na kwance kan tabarma a bayansa, kwanon tuwo a rufe kusa da ita. Gobe ne wa'adin likita.

Ta daɗe tana kallon hannun nan yana kai da kawowa. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Kai wannan."

"Na'am, Inna."

"Me kake ta yi da hannu?"

"Kifayenki nake nemo miki, Inna."

"Kana dama ruwa kana neman kifi? Ɗauke hannunka. Ubana in ya shiga kwalekwale ko tari ba ya yi."

Malam Tanimu ya kalli hannunsa. Ya kalli mawus.

Sai ya ɗaga cinyoyinsa, ya tura hannuwan biyu ƙarƙashi, ya zauna a kansu. Dattijo mai furfura, mai jikoki bakwai.

A minti na uku hannun dama ya fara zillo. Ya ƙara danne shi. A na huɗu ƙuda ya sauka a kan hancinsa, ya yi alwala, ya yi nafila. Malam Tanimu bai motsa ba.

A na biyar fuskar kwamfuta ta koma shuɗiya.

Suka fito ɗaya bayan ɗaya. Inna ta tashi zaune, tana ƙirga su da yatsa har biyar.

Ta ce sun rame.

Sannan ta jawo kwanon ta buɗe, ta ce bari ta ci, kada su gan ta zaune haka su ma su ƙi cin nasu.

Ta cinye tas. Ta tambaya ko da saura a tukunya.

Darasi: Ka yi naci. Ka koma kasuwa sau biyu, ka farke abin da aka ce ya mutu, ka bi matakai har na ƙarshe. Amma akwai aikin da matakinsa na ƙarshe shi ne ka ɗauke hannu. Ɗan da ka gama yi wa nasiha, gyambon da aka riga aka sa wa magani, ba sai ka riƙa taɓawa kowane minti uku kana duba ko suna da rai ba. Wani lokacin abin ya riga ya gyaru, kai ne kake mayar da ƙirgar farko.

Akwai mutum ɗaya da ya faɗo maka a rai tun kana tsakiyar karantawa. Tura masa. In ba wanda ya faɗo maka, to duba hannunka, sannan ka tura wa sauran jama'a.